Bakin Kogin Severn, Inda Ruwa Ke Zaɓa Wa Mai Fatsa Kayan Aiki

Ranar 16 ga watan Yuni ta kowace shekara, tun kafin alfijir ya keto, a kan ga motoci sun yi jerin gwano a 'yan hanyoyin da ke gangarawa bakin Kogin Severn, can yammacin ƙasar Ingila. Masu motocin nan 'yan fatsa ne, waɗanda doka ta hana su jefa ƙugiya cikin kogi har wata uku cur, watau daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, domin a bar kifi ya yi ƙwai cikin kwanciyar hankali. Da yawa daga cikinsu kifi iri ɗaya ne ya fito da su daga ɗaki cikin wannan raɓa, shi ne wanda Turawa ke kira barbel. Kowa ya ciko jaka da kayan aiki iri iri, amma gwanayen cikinsu ba su buɗe jakar sai sun tsaya bakin gaɓa sun ƙare wa ruwa kallo tukuna. Dalili kuwa, a Severn ruwan ranar ne ke faɗa wa mutum sandar da zai ɗauka da abincin da zai sa wa ƙugiya.

Kogin Da Garuruwansa

Severn shi ne kogi mafi tsawo a Birtaniya duka, tsawonsa mil 220. Ya taso daga tsaunin Plynlimon cikin ƙasar Wales, inda ruwan sama ke da yawa ƙwarai, ya shigo Ingila ya kewaye garin Shrewsbury, ya ratsa ƙarƙashin gadar ƙarfen nan ta Ironbridge wadda a ka kafa a 1779, ya wuce Bridgnorth da Bewdley da Worcester da Gloucester, sa'an nan ya faɗa teku wajejen Bristol.

Wanda ke son ganin inda a ka fi farautar wannan kifi, sai ya nufi tsakanin Bridgnorth da Bewdley. Akwai wani tsohon jirgin ƙasa mai aiki da kwal wanda har yanzu ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido daga Kidderminster zuwa Bridgnorth, tafiyar mil 16, ya na tsayawa a ƙananan tashoshi kamar Arley da Highley da Hampton Loade. Ta tagar jirgin mutum zai ga kogin ya na sauya kama: nan ya baje bisa tsakuwa har a kan iya shiga da ƙafa, can ya tattaru ya yi zurfi ƙarƙashin itatuwan da su ka sunkuyo bisa ruwa. Bayan kowace 'yar tazara kuma ga mutum zaune bisa kujerar tafi-da-gidanka, ya kafa sanda ya zuba wa kanta ido.

Bewdley ƙaramin gari ne, kimanin mil 20 daga babban birnin Birmingham. A zamanin da, tashar jiragen ruwa ce ta fatauci, shi ya sa tsofaffin gidajen attajirai su ke jere a bakin ruwa. Nan a ka haifi Stanley Baldwin, wanda ya yi Firayim Ministan Birtaniya sau uku. Gadar dutsen da ke tsakiyar garin injiniya Thomas Telford ne ya gina ta a 1798, bayan ambaliyar 1795 ta lalata tsohuwar. Watau dai tun ba yau ba mutanen garin su ka san halin maƙwabcinsu. Ma'aikatan masana'antun Birmingham sun daɗe su na zuwa nan ranar hutu, kuma ƙungiyar 'yan fatsan birnin ce ke riƙe da izinin su a gaɓoɓi masu yawa na kogin. Gama a Ingila mutum ba ya zuwa kawai ya jefa ƙugiya. Sai ya yanki lasin daga hukumar kula da muhalli, kana ya nemi izinin mai gaɓar ko ƙungiyar da ta yi hayarta.

Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari

Abin mamaki, asali babu wannan kifi a Severn. A zamanin ƙanƙara, dubban shekaru da su ka wuce, Ingila na haɗe da sauran Turai ta ƙasa, kogunanta na gabas kamar Thames da Trent na da alaƙa da ruwan Kogin Rhine, ta nan kifin ya shigo. Kogunan da ke gangarawa yamma ba su samu ba. Sai a shekarar 1956, bisa ga ƙoƙarin jaridar 'yan fatsa mai suna Angling Times, a ka kwaso kifi 509 daga Kogin Kennet, wani reshen Thames, a ka sake su cikin Severn. Wurin ya karɓe su. Kafin shekarun 1970 sun cika tsakiyar kogin, har a kan sami mai kama goma sha ko ashirin a zama ɗaya.

Kifin dogo ne mulmulalle, bayansa launin tagulla, cikinsa fari a baje, yadda zai kwanta bisa tsakuwa ruwa na bi ta kansa. Bakinsa a ƙasa ya ke, da leɓe mai kauri, da gashin baki guda huɗu waɗanda da su ya ke lalube ya na ɗanɗanon abin da ke ƙarƙashin ruwa. Daga nan ma ya samo suna, domin kalmar ta fito daga ta Latin mai nufin gemu. Abincinsa tsutsotsin ruwa ne da ƙananan dodon koɗi da 'yan kifaye. Yawancin waɗanda a ke kamawa a tsakiyar Severn nauyinsu laba 4 ne zuwa 8, laba ɗaya kuwa ta kusa rabin kilo. Wanda ya kama mai laba 10 ya sami labarin ba abokai.

Mai karatu zai so ya san ina a ke kai kifin bayan an kama. Ba a kai shi ko'ina. Namansa ƙaya ce tsantsa, ƙwansa kuma na sa amai da gudawa. A kan auna shi, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. Abin da ke jawo mutane shi ne ƙarfinsa, domin idan ya ɗauki ƙugiya ya kan fizgi sanda har ta faɗa kogi in mai ita ya yi sakaci.

Idan Ruwa Ya Janye

Cikin watannin Yuli da Agusta, idan an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba, Severn ya kan janye ya yi garau, har a na ganin tsakuwar ƙasa. A nan ne karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma ta ke tabbata. Da rana kifin ya kan shige ƙarƙashin ciyawar ruwa ko inuwar itace, ba ya fitowa kiwo sosai sai wajen magariba. Duk abin da ya faɗo ruwa da ƙara, ko zaren da ya ga ƙyallinsa, ya isa ya kore shi.

Saboda haka gwani ya kan rage komai. Ya ɗauki sanda mai ƙafa 11 ko 12 mai laushi. Turawa na auna ƙarfin sanda da nauyin da zai tanƙwara kanta sosai, to mai laba ɗaya da rabi ko fiye kaɗan ita ce ta wannan lokaci. Zaren da ke naɗe a keken sanda ya zama mai ɗaukar laba 8 zuwa 10. Tsakanin nauyin da ke nutsar da zare da ƙugiya a bar tazarar ƙafa 3 ko 4 ta zare mai kama da ruwa, don kada kifi ya ga abin da zai tsorata shi kusa da abinci. Ƙugiya kuma ƙarama, lamba 14 ko 16, gama a lissafinsu lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa.

Abinci ma ƙanana a ke so. Shagunan kayan fatsa na sayar da tsutsar ƙuda da awo, akwai masu kiwonta musamman don wannan sana'a. A na kuma sayar da wadda ta daskare ta yi ɓawo kafin ta zama ƙuda. Abokin tafiyarta shi ne 'ya'yan wata shuka dangin tabar wiwi, amma irin da ba ya sa maye, wadda a ke nomawa don igiya da mai. A kan dafa su har su tsage, sai su yi kama da ƙananan dodon koɗi, kifin kuwa in ya same su ba ya son barin wurin.

Yadda a ke kai wannan abinci ƙasan kogi shi ne dabarar da ta yi suna a Severn cikin shekarun 1970. Wani ɗan bututun roba ne mai huji-huji da nauyi a gefe, a cika shi da tsutsa da 'ya'yan nan, a ɗaura sama da ƙugiya a jefa. Ruwa na bi ta cikinsa ya na fitar da abincin kaɗan kaɗan zuwa inda ƙugiya ta ke. Sharaɗin dai a riƙa jefawa wuri guda. Wasu ma su kan zuba abinci su bar wurin awa guda ba su sa ƙugiya ba, sai kifi ya saki jiki. Wasu kuma su kan shiga ruwa da dogon takalmin roba, su ɗaura wa zare ɗan itace marar nauyi mai yawo bisa ruwa, su bar shi ya bi ruwa da tsutsa a ƙarƙashinsa, in ya nutse su fizga.

Akwai dokar da ta shafi nauyin da a ke ɗaurawa. Tun 1987 a ka hana amfani da matsakaitan ƙwayoyin dalma, daga 'yan mitsi-mitsi zuwa mai oza ɗaya, domin an gano wani babban farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, ya na haɗiye su tare da tsakuwa ya na mutuwa. Yanzu da wasu ƙarafa a ke yin irin waɗannan.

Idan Ruwa Ya Taso

Halin Severn shi ne, a na iya yin rana tarwai a Bewdley amma kogi na hawa, saboda ruwan da a ka tafka a tsaunukan Wales kwanaki kaɗan da su ka wuce ya iso. Cikin dare ɗaya ruwan da ke garau ya koma ja kamar kunun kanwa, ya hau ƙafa 5 ko 6, ya na ɗauke da rassa da ganye. Baƙo in ya ga haka sai ya naɗe kaya ya koma gida. Ɗan gari kuwa murna ya ke yi, muddin ruwan mai ɗumi ne, domin ya kan wanko tana da ƙwari daga gaɓa, duhunsa kuma ya cire wa kifi tsoro, sai ya fito kiwo da rana tsaka.

To in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Duk abin da a ka rage jiya yau sai a ƙara. Sanda mai laba biyu da rabi, zare mai laba 12 zuwa 15, nauyi mai oza 4 zuwa 6 don ya kama ƙasa, ƙugiya babba lamba 6 ko 8, tazararta da nauyi kuma a gajarta. Tun da kifi ba ya gani cikin wannan ruwa, da hanci ya ke neman abinci, saboda haka sai a ba shi babba mai wari. Wanda ya fi suna shi ne naman gwangwani, galibi na alade, a yanka shi kamar rabin akwatin ashana, a cuɗe da tafarnuwa ko yaji. Manyan tana biyu ko uku a ƙugiya guda ma na aiki, haka cuku da a ka kwaɓa. Waɗannan biyu na ƙarshe tsofaffin dabaru ne, gama Izaak Walton ya ambace su cikin littafinsa na fatsa da ya fito a 1653.

Wurin jefawa ma ya kan sauya. Kifin ba ya zama tsakiyar kogi ya na kokawa da ruwa a banza. Ya kan matso kusa da gaɓa, bayan wani itace ko lungu, daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai tafiya a hankali. Sau da yawa yadi biyu ko uku daga ƙafar mai fatsa ya isa. A kan ɗaga kan sanda sama don zare kaɗan ne zai taɓa ruwa, a kuma saki zaren ya yi ɗan lanƙwasa, da haka nauyi ba ya saurin tashi daga ƙasa. Babbar wahalar watannin Oktoba da Nuwamba ita ce ganyen da ke taruwa bisa zare, dole a riƙa janyowa a na cirewa. Sai kuma hatsari, domin gaɓar Severn na da tsayi, in ta sha ruwa kuma santsi gare ta.

Daga ƙarshen shekarun 1990 wani sabon abinci ya shigo, watau dunƙulen garin kifi da mai wanda a ke yi wa gidajen kiwon kifi. Da ya ke tauri gare shi ba a soka shi a ƙugiya, sai a rataye shi da ɗan siririn zare a ƙarƙashinta, dabarar da Len Middleton da Kevin Maddocks su ka fito da ita wajen ƙarshen shekarun 1970. 'Yan fatsa da yawa na danganta girman da kifin ya ƙara da wannan abinci mai maiƙo da kuma sauƙin sanyin hunturu. Mai laba 14 da oza 6 da a ka kama a Kogin Avon na Hampshire a 1934 ya shekara hamsin da ɗoriya ba a wuce shi ba, amma a 2006 an kama mai laba 21 da oza 1 a Kogin Great Ouse.

Idan Hunturu Ya Kama

Daga Disamba zuwa rufe kogi a Maris, kayan aikin da ya fi kowane daraja a jakar gwani shi ne ma'aunin zafin ruwa. Kifi jikinsa na bin zafin ruwan da ya ke ciki, idan ruwan ya sauka kusa da digiri 5 sai cinsa ya ragu ƙwarai. Amma abin dubawa shi ne ko ma'aunin na hawa ne ko sauka. Ruwa mai digiri 7 wanda jiya ya ke 5 ya fi mai digiri 8 wanda jiya ya ke 10. Idan iskar kudu maso yamma ta kawo ruwan sama mai ɗumi bayan kwanakin jaura, nan ne a ke kama manya. Idan kuwa narkakkiyar ƙanƙara ce ta cika kogin, ga gishirin da a ke watsawa a tituna ya biyo ta, to ko da ruwan ya yi ja kamar na jiya, zama gida ya fi.

Ranar da ruwa ya yi sanyi ya kuma yi garau, a kan koma ga tsutsa biyu ko uku a ƙaramar ƙugiya, a rage abin da a ke zubawa, domin ɗan dunƙule mai maiƙo ya isa ya ƙosar da kifin da ba ya narkar da abinci da sauri. A kan kuma jira la'asar, lokacin da ruwan ya ɗan sha rana.

Ranar Da A Ke Ajiye Sanda

Akwai wani yanayi guda wanda babu ƙugiya ko abincin da ya dace da shi, shi ne tsananin zafi. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa na raguwa. Wannan kifi kuwa ba ya sallamawa sai ƙarfinsa ya ƙare sarai, in an sake shi nan take sai ya juya ciki sama ruwa ya tafi da shi ya mutu. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a bar shi ya huta cikin koma kafin a fito da shi, a kwantar da shi bisa jiƙaƙƙiyar katifar roba, a cire ƙugiya da sauri, sa'an nan a riƙe shi cikin ruwa kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, har sai ya fizge da kansa.

Nan ne mai fatsa ke shiga tsaka mai wuya. Ruwa mai garau na neman siririn zare, siririn zare kuwa na tsawaita kokawa, doguwar kokawa cikin ruwan ɗumi kuma ita ke kashe kifi. Don haka masu hankali sun gwammace zare mai ƙarfi ko da kamun zai ragu. Idan zafin ruwa ya haura kimanin digiri 20, ƙungiyoyi da dama su kan roƙi 'ya'yansu su dakata, wasu ma su rufe gaɓarsu ɗungum.

Irin waɗannan ranaku sun ƙaru. Dattawa na tuna farin 1976 a matsayin abin da ba a saba gani ba, amma a watan Yuli na 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila, karo na farko tun da a ka fara rubutawa. Ambaliya ma haka. Ta Nuwamba 2000 ta shiga gidaje a Bewdley, abin da ya sa a ka yi wa garin katangar ƙarfe wadda a ke kafawa in ruwa ya taso a kwance in ya janye. A Fabrairu 2020 ruwa ya tsallake shingen wucin gadi da ke ɗaya gaɓar. Ambaliyar da ta zo lokacin ƙwai ta kan share ƙwan, laka daga gonaki na toshe tsakuwar da kifin ke zubawa a ciki, ga ƙazantar garuruwa da ke malalowa kogi. Karen ruwa, wanda ya kusa ƙarewa a Ingila, ya dawo, doka kuma ta hana taɓa shi. Waɗanda su ka daɗe a bakin Severn na cewa kifin ya ƙara girma amma yawansa bai kai na shekarun 1970 ba.

Hikimar barin ruwa ya huta ba baƙuwa ba ce ga mutanen Nijeriya, gama a Argungu ma a kan hana su a Matan Fada har sai ranar biki. Turawan Ingila sun sa tasu cikin doka tun 1878. Abin da ya ƙaru a yau shi ne, ban da watanni ukun da doka ta yanka, akwai ranakun da mutum da kansa zai hana kansa.

Hukumar kula da muhalli na sanar da tsayin kogin a intanet kullum, kowa na iya dubawa daga ɗakinsa a Birmingham. Duk da haka, da sassafe ba a rasa wani tsaye bisa gadar Telford a Bewdley, ya jingina da dutse ya na duban launin ruwa da inda ya kai a jikin ginshiƙi. Daga nan zai koma mota ya zaɓi abin da zai ɗauka, ko tsutsa da siririn zare, ko naman gwangwani da nauyi mai oza 6. Wata rana kuma ya kan rufe bayan motar ya juya gida bai fito da komai ba, domin jikokin kifayen nan 509 su ga wata shekara.